Masu Sayar da Kaya a Ƙofar Asibiti: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tsari da Doka

Tambayoyin nan su ne ke yawan fitowa daga bakin masu kasa kaya a gefen titin asibiti, da masu jinya da ke saye a wurinsu, da ma'aikatan lafiya, da jami'an ƙananan hukumomi. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, har daga gari zuwa gari, shi ya sa duk inda aka ambaci wata doka an faɗi ƙasar da take aiki.

Me ya sa masu sayar da kaya ke tururuwa a ƙofar asibiti?

Asibitin ne da kansa ke haifar da kasuwar. Duk majinyacin da aka kwantar yana da mutum ɗaya ko biyu da ke kwana tare da shi, ga 'yan dubiya, ga masu bin layin ganin likita tun asuba, ga ma'aikatan dare. Dukkansu suna buƙatar abinci da ruwa da sabulu da bokiti da katin waya da wurin cajin waya. Mai jinya ba ya iya yin nisa, domin ko yaushe ana iya kiransa ya sa hannu a takarda ko ya karɓo sakamakon gwaji. Kantin cikin asibiti, idan ma akwai, yakan rufe da wuri ko ya fi ƙarfin aljihun talaka.

Dokar Indiya ta 2014 kan masu sana'a a gefen titi ta amince da irin wannan wuri a matsayin kasuwar da ta tsiro da kanta, wato inda mai saye da mai sayarwa suka saba haɗuwa ba tare da wani ya tsara musu ba. Duk tsarin da ya manta da buƙatar da ta tara mutanen nan ba zai daɗe ba.

To mene ne laifinsu, tunda suna biyan buƙata?

Babbar matsala ita ce hanya. Teburin mai kaya ba shi kaɗai ke cin wuri ba: mai saye yana tsayawa a gabansa, mai mota yana fakawa ya sayi ruwa, masu tafiya a ƙafa su sauka kan titi saboda an cike musu gefe, sai motar ɗaukar marasa lafiya ta iso ta tarar da cunkoso. Wanda zuciyarsa ta tsaya, ƙwaƙwalwarsa tana fara lalacewa cikin 'yan mintuna kaɗan. Macen da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa tana iya rasuwa cikin 'yan sa'o'i. Minti biyar a bakin ƙofa ba ƙaramin abu ba ne ga irin waɗannan, kuma wannan shi ne abin da bai kamata a yi ciniki a kansa ba.

Bayan hanya akwai abinci marar tsabta ga mutanen da jikinsu ya riga ya yi rauni, da sayar da magani ba bisa ƙa'ida ba, da wuta da hayaƙi da hayaniya, da shara mai toshe magudanar ruwa. Kowanne yana da amsarsa a ƙasa. Akwai kuma masu keken guragu da masu dogara sanda da makafi, waɗanda asibiti ya fi ko'ina tara su, kuma su ne ake fara mantawa da su idan ana maganar gefen titi.

Wa ke da ikon tsara wurin: asibiti ko ƙaramar hukuma?

A yawancin wurare katanga ce iyaka. Abin da ke cikin haraba na hukumar asibiti ne; titi da gefensa na ƙaramar hukuma ne ko hukumar tituna. Tsabtar abinci tana hannun ma'aikatan duba-gari, magani yana hannun hukumar kula da magunguna, zirga-zirga kuma tana hannun jami'an hanya. Mai gadin asibiti yana da hurumin hana kasa kaya a cikin haraba da kuma buɗe bakin ƙofa, amma ba shi da hurumin karɓar kuɗin wuri a kan titin gwamnati, ko ƙwace kayan mutum a can.

Rarrabuwar nan ce ke sa kowa ya ɗora wa wani. Asibiti ya ce titi ba nasa ba ne, ƙaramar hukuma ta ce ba a kawo mata ƙorafi ba. Maganin shi ne yarjejeniya ɗaya a rubuce, da taswirar wurin, da sa hannun asibiti da ƙaramar hukuma da wakilan masu sana'ar.

Tazarar mita nawa ya kamata a bari tsakanin asibiti da masu kaya?

Babu adadi ɗaya da duniya ta haɗu a kai. Misalin da aka fi ambata shi ne na birnin Mumbai, inda Kotun Ƙolin Indiya a 2003 ta hana kasa kaya cikin mita 100 daga asibitoci da makarantu da wuraren ibada, da mita 150 daga tashoshin jirgin ƙasa da kasuwannin hukuma.

A ganina zana da'ira da ma'auni ɗaya ya fi sauƙin rubutawa a takarda fiye da yin aiki a ƙasa. Babban asibiti yana iya samun ƙofa huɗu da katanga mai tsawon rabin kilomita. Idan aka auna mita 100 daga katanga, an kori kowa daga unguwar baki ɗaya, har da gefen da babu ƙofa kuma babu mai wucewa. Idan aka auna daga babbar ƙofa kaɗai, ƙofar sashen gaggawa tana iya zama a cike. Abin da ya fi dacewa shi ne a raba wurin gida uku. Na farko, inda aka hana kwata-kwata: ƙofar gaggawa, hanyar motar marasa lafiya da kwanar da take juyawa, gangaren masu keken guragu, bakin famfon 'yan kwana-kwana, da kusa da ma'ajiyar iskar oksijin. Na biyu, inda aka yarda bisa sharaɗi, kamar kayan da ba a dafawa ko wasu sa'o'i na rana. Na uku, inda aka ware don sana'ar. A shata iyakokin da fenti ko ƙarfe yadda jahili da mai ilimi za su gani, domin iyakar da ba a gani jami'in da ya zo ranar ne ke yanke ta yadda ya so.

Me zai hana a kore su gaba ɗaya a huta?

An sha gwadawa, kuma abin da ke biyo baya sananne ne. Ranar samame wuri ya yi fes, bayan 'yan kwanaki a dawo, amma a dawo a wata siffa da ta fi muni. Wanda da yake da tebur da murfi da bokitin wanke hannu, yanzu ya koma ɗaukar kaya a kai ko a baro don ya iya gudu. Ba wanda zai kashe kuɗi ya gyara rumfar da yake jiran a rushe gobe. Kuma tunda zamansa ya zama laifi, sai ya fara biyan na goro don a kawar da kai, kuɗin da ba ya shiga asusun hukuma balle a kwashe shara da shi.

A birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu, hukumar birni ta kori dubban masu sana'ar gefen titi a watan Oktoban 2013, har da masu takardar izini, amma a watan Disamba na shekarar Kotun Tsarin Mulki ta ba da umarnin a bar masu izinin su koma wurarensu. Ƙasar Singafo ta bi wata hanya: ta fara da yi wa masu sayar da abinci rajista a ƙarshen shekarun 1960, sannan daga 1971 zuwa 1986 ta gina musu cibiyoyi masu ruwan famfo da magudana da wurin zubar da shara, ta mayar da su ciki. Aikin ya ɗauki shekara goma sha biyar, ya kuma ci kuɗi. A 2020 hukumar UNESCO, mai kula da ilimi da al'adu a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya al'adar waɗannan cibiyoyi cikin jerin al'adun duniya da ake kiyayewa.

Akwai kuma wanda ba a tambaya idan za a yi kora: matar da ke jinyar ɗanta da ƙarfe biyun dare, ba ta ci komai ba tun rana. Idan an kori mai abinci, a faɗa mata inda za ta je.

Akwai kayan da bai kamata a yarda da su ba ko da an ba mutum wuri?

Akwai, kuma na farkonsu magani ne. Nan babu sassauci. Ƙwaya da ruwan magani da allura da ke kan tire a rana suna rasa ƙarfinsu, babu wanda ya san inda aka samo su, kuma mai sayarwa ba masanin harhaɗa magunguna ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa kusan ɗaya cikin goma na magunguna da kayan jinya a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki jabu ne ko marasa inganci. Ƙofar asibiti ta fi ko'ina haɗari a wannan fanni, domin mutum yana fitowa da takardar likita a hannu, an ce masa babu maganin a ciki, hankalinsa a tashe, kuma kusancin mai tiren da asibiti yana sa a ɗauka an amince da shi. Haka nan haɗe-haɗen da ake tallatawa da sunan suna warkar da ciwon suga ko ƙoda ko daji, waɗanda ke sa majinyaci ya bar maganin likita ko ya haɗa biyun a ɓoye.

Sai dai a faɗi gaskiya: muddin kantin maganin asibiti babu kaya, ko yana rufewa da yamma, mai tiren zai samu kasuwa. Hana shi dole ne, cika kantin ma dole ne.

Bayan magani akwai taba sigari da barasa, da man fetur a jarka, da duk wani kayan asibiti da aka riga aka yi amfani da shi. Tallar madarar jarirai ta gwangwani a bakin sashen haihuwa ma abin lura ne; ƙa'idar duniya ta 1981 kan tallar abin da ke maye gurbin nonon uwa ta hana irin wannan talla ga jama'a da kuma a cibiyoyin lafiya.

Ina sayar da abinci kusa da asibiti. Waɗanne ƙa'idoji za a nema daga gare ni?

Akwai matakai biyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar: tsabtar hannu da kwanuka da wuri, raba ɗanye da dafaffe, har wuƙa da katakon yanka, dafawa sosai, musamman nama da ƙwai, har zafin ciki ya kai digiri 70, ajiye abinci da zafinsa sama da digiri 60 ko da sanyinsa ƙasa da digiri 5, da amfani da ruwa mai tsabta da kayan haɗi masu kyau. Dafaffen abinci kada ya wuce sa'a biyu a ajiye ba wuta ba sanyi. Wannan shi ne wanda aka fi karyawa, domin abincin da aka dafa da safe yakan kai yamma a cikin roba, ɗumi-ɗumi, yanayin da ƙwayoyin cuta suka fi so.

Ka raba hannun karɓar kuɗi da hannun zuba abinci. Ruwan wanke kwano ɗaya kada ya wuni. Idan kana gudawa ko amai ko akwai gyambo a hannunka, ka zauna a gida ranar. Wasu hukumomi suna neman takardar gwajin lafiya da ɗan gajeren horo kafin su ba da izini. Horon ya fi takardar amfani, don takarda tana nuna lafiyarka ne a ranar gwaji kawai.

Dalilin tsanantawa a nan shi ne masu cin abincinka. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2015 ya nuna mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo daga gurɓataccen abinci a kowace shekara, 420,000 su mutu, daga ciki 125,000 yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Gudawar da lafiyayye zai warke daga ita cikin kwana biyu tana iya kashe yaro mai tamowa ko mai shan maganin daji. Amma hukumar da ke neman ka wanke hannu, ita ma wajibinta ne ta kawo famfo da bandaki (duba amsar da ke magana kan shara).

Ina jinyar mahaifiyata. Zan iya saya mata abinci daga bakin ƙofa?

Tambayi ma'aikaciyar jinya tukuna. Wanda za a yi wa tiyata ana hana shi ci na wasu sa'o'i, domin idan aka sa shi barci da abinci a ciki yana iya dawowa ya shiga huhu; cokali biyu na tausayi yana iya sa a ɗaga aikin ko ya jawo abin da ya fi haka. Mai ciwon suga, mai ciwon ƙoda, mai hawan jini, da wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa haɗiya, kowanne yana da nasa ƙa'idar abinci. Idan an yarda, ka zaɓi abin da aka sauke daga wuta a gabanka, da ruwan da murfinsa bai taɓa buɗuwa ba, da 'ya'yan itacen da kai za ka ɓare da hannunka. Ka guji wanda aka yayyanka aka bari a buɗe, da ƙanƙarar da ba ka san ruwanta ba.

Yaya batun murhu, tukunyar gas, janareta da lasifika?

Iskar oksijin ba ta kama wuta da kanta, amma tana sa duk abin da ya kama ya ci da sauri da ƙarfi. Saboda haka babu buɗaɗɗiyar wuta kusa da ma'ajiyarta ko inda ake sauke tukwanenta, kuma masu girki su ne ya kamata a ba wuri mafi nisa daga gini, nesa da tagogin ɗakunan kwanciya, don hayaƙi bai dace da mai asma ko jariri ba.

Hayaniya kuma ta fi yadda ake zato illa, domin barci na cikin magani. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 1999 ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙara a ɗakin majinyata ya wuce desibel 30 a ma'aunin ƙarfin sauti. A Indiya dokar hayaniya ta 2000 ta ba da damar ayyana mita 100 kewaye da asibiti a matsayin yankin shiru. Lasifikar talla ba ta da gurbi a nan ko kaɗan.

Wa ya kamata ya kwashe shara?

Kowane mai sana'a ya share gabansa ya ajiye kwandon shara. Hukumar da ke karɓar kuɗin wuri ta kwashe kullum ta kuma yashe magudana. Dokar Indiya ta 2014 ta yi adalci a nan, inda ta ce ba za a hana sana'a a wuri saboda ƙazanta ba, sai in masu sana'ar ne kaɗai suka jawo ta kuma hukuma ba za ta iya magance ta ba. Asibiti ma yana da nasa nauyi. Idan allurai da auduga mai jini suna fita ta bayan katanga zuwa bola ɗaya da ta jama'a, masu sana'ar da yaransu su ne na farko da za su taka.

Wurin ba zai ishi kowa ba. Ta yaya za a raba?

A fara da ƙidaya kafin a sanar da rabo, in ba haka ba ranar rajista sababbin fuskoki za su fi tsofaffi yawa. A yi ƙidayar safe da rana da dare, domin masu sana'ar dare daban suke. Waɗanda aka tarar su ne ke da fifiko, abin da ya rage a yi ƙuri'a a bainar jama'a. Wuri ɗaya yana iya ɗaukar mutum biyu, ɗaya da rana ɗaya da dare. A ba kowa kati mai hoto da lambar wuri, a liƙa kuɗin wuri a allo, a ba da rasit.

Dokar Indiya ta tanadi kwamitin gari wanda aƙalla kashi 40 cikin 100 na mambobinsa masu sana'ar ne, sulusinsu mata. Ƙidaya aƙalla sau ɗaya duk shekara biyar. Kuma ba a korar kowa kafin a kammala ƙidaya. Aiwatar da ita ya yi tafiyar hawainiya a garuruwa da dama, amma tsarin abin koyi ne. Abin gudu shi ne ƙayyade izini ya yi kaɗan ƙwarai a kuma bar shi haka. Birnin New York na Amurka ya ƙayyade adadin izinin masu keken abinci a farkon shekarun 1980, abin da ya haifar da kasuwar bayan fage inda mai izini ke ba da hayarsa da tsada ga wanda ke tsaye a titi yana aikin. Izini ya zama na mai tsayuwa a wurin, ba na haya ba.

Jami'ai sun ƙwace kayana. Me zan yi?

Kada ka yi kokawa da su. Ka nemi sunan hukumar, da jerin kayan da aka ɗauka a rubuce da sa hannu, da wurin da za a kai su, da sashen dokar da aka ce ka karya. Tara a biya ta a ofis da rasit. Idan kana da ƙungiya, ka je da wakilinta. Tsari mai kyau yana hawa mataki-mataki: gargaɗi, tara, dakatarwa, sannan soke izini, tare da damar ɗaukaka ƙara. A dokar Indiya sai an ba mai izini sanarwar kwana 30 kafin a tashe shi, kuma kayan da ke lalacewa ana mayar da su a ranar da ya nema. A 2015 wata babbar kotu a birnin Durban na Afirka ta Kudu ta yanke cewa ƙwace kayan mai sana'a da zubar da su ba tare da hanyar kare kai ba ya saɓa wa tsarin mulki.

Abu biyu ne ba sa jiran sanarwa: teburin da ya tare hanyar gaggawa, da magani a kan tire.

Ba zai fi kyau asibiti ya ba su wuri a cikin harabarsa ba?

Inda akwai fili, yana aiki: 'yan rumfuna nesa da ɗakunan kwanciya, da famfo da bandaki da wuta, kuma masu kula da tsabtar asibiti suna leƙawa. Haɗarin shi ne a ba ɗan kwangila ɗaya wurin duka, ya tsawwala farashi, tsofaffin masu sana'ar su koma titi kamar da. Wani haɗarin kuma shi ne a kai su lungun da ba mai bi. Mai jinya ba zai yi tafiyar minti goma sha biyar ya bar majinyacinsa ba, don haka sabon wurin ya kasance ana hango shi daga ƙofar da masu ƙafa ke shiga.

Na ga an tare ƙofar gaggawa. Wa zan faɗa wa?

Nan take ka faɗa wa shugaban masu gadi ko ma'aikacin da ke kula da sashen a lokacin. Idan abin kullum ne, ka rubuta wa hukumar asibiti da ƙaramar hukuma, ka faɗi ƙofar da lokacin da abin ke faruwa da abin da ya tare ta. Ka duba da kyau kafin ka rubuta: sau da yawa abin da ya toshe hanyar motocin da aka faka ne da masu ɗaukar fasinja, kuma idan takardar ta ce masu talla kawai, su za a kora a bar motocin. Maganar magani kuwa ta hukumar kula da magunguna ce, ta abinci kuma ta ma'aikatan duba-gari.